Yadda Ake Rubuta Labarin Soyayyar Matasa Mai Taɓa Zuciya

Kusan duk wanda ya zauna rubuta labarin soyayya mai sosa rai, rami ɗaya yake fara faɗawa. Sai ya ɗauka hanyar fito da hawayen mai karatu ita ce ya yi ta jibga wa jarumarsa masifu: babi na biyu uwa ta rasu, na biyar a yi hatsarin mota, na tara likita ya cire tabarau ya ce ciwon daji ne. Ni ma ta nan na bi. Wadda ta fara karanta min daftarina ta dawo min da shi idonta a bushe, ta ce, "Na tausaya mata, amma har na gama ban san ta ba." Maganar ta yi min zafi a lokacin, sai dai ita ta ganar da ni cewa da wuya mutum ya yi kuka don baƙo. Matakan nan da zan kawo duk aikinsu ɗaya ne, su mai da jarumarki wadda mai karatu ya sani ciki da bai, ta yadda ko ƙaramin abu ne ya same ta sai ya ji a jikinsa.

Zan riƙa cewa "ke" saboda mata ne suka fi yawa a wannan fage, a rubutu da karatu duka. Namijin da ke riƙe da alƙalami ya ɗauka da shi ma nake.

Mataki na 1: Ki tsayar da shekarun jarumanki

Masu ɗab'in littattafai sun raba wannan fage gida biyu. Akwai labaran matasa, waɗanda za ki ga an yi musu alamar YA a shagunan intanet. An yi su ne domin 'yan shekara 12 zuwa 18, kuma jarumansu galibi 'yan 15 zuwa 18 ne. Sai labaran sabbin manya, masu alamar NA, da jarumansu ke tsakanin 18 da 25. Wannan rukuni na biyu bai daɗe da samun suna ba. A 2009 ne kamfanin St. Martin's Press na birnin New York ya shirya wata gasa yana neman labarai irin na matasa amma masu jarumai da suka ɗan girma, daga nan sunan ya bi bakin mutane, marubuta masu fitar da littafinsu da kansu suka ɗauke shi suka yaɗa. Kafin wannan, a 2000, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka Jeffrey Arnett ya riga ya yi bayanin cewa shekarun 18 zuwa 25 zango ne mai zaman kansa: mutum ya fita daga ƙuruciya, amma bai gama zama da gindinsa ba.

Bambancin ya wuce na lissafi. 'Yar shekara 16 tana ƙarƙashin rufin iyayenta, tana da lokacin da dole ta dawo gida, jarrabawa na gabanta, kuma duk abin da ta ji karon farko ne take jin sa. Idan saurayi ya wuce ta a harabar makaranta bai yi mata magana ba, duniyarta ce ta rushe, kuma kada ki yarda ki raina wannan rushewar. Ita kuwa 'yar 22 tana fama da kuɗin haya, da aikin farko, da tambayar ko karatun da ta zaɓa ma shi ne daidai. A wajenta soyayya tana karo ne da zaɓin rayuwa: ta karɓi aikin da zai kai ta wani gari, ko ta zauna inda yake?

Wani bincike da kamfanin Bowker ya fitar a 2012 ya nuna kashi 55 cikin 100 na masu sayen littattafan matasa manya ne da suka kai 18 ko suka haura. Duk da haka, idan kin zaɓi rukunin farko, yarinyar nan mai shekara 16 za ki sa a gabanki kina rubutu. Tana jin ƙamshin wa'azi daga nesa, kuma da zarar ta ji babba na yi mata faɗa ta bakin jaruma, ta rufe littafin ke nan. Sannan idan jarumanki ba su kai 18 ba, su zama sa'o'in juna, kuma al'amuran shimfiɗa ba su da gurbi a shafinki.

Mataki na 2: Ki gina mikin kafin ki gina soyayyar

A nan za ki fi daɗewa, kuma ya cancanci daɗewar. Ki ɗauki takarda, ki amsa tambaya uku game da kowane ɗaya daga cikin masoyan biyu. Me ya same shi kafin labarin ya fara? Wace ƙarya ya gaskata game da kansa saboda abin da ya same shin? Wace ɗabi'a ya ƙirƙiro domin kada a fama masa mikin?

Tambaya ta uku ita ce zinariyar, domin ita kaɗai ake gani da ido. Bari in kawo misalin da za mu yi ta komawa kansa. Yarinya ce 'yar shekara 17, mahaifinta ya rasu wata goma sha huɗu da suka wuce. Ranar da zai rasu ya kira ta sau biyu, tana fushi da shi kan wani ɗan saɓani, ta ƙi ɗagawa. Ya bar mata saƙon murya na daƙiƙa goma sha ɗaya. Har yau ba ta saurara ba. Ƙaryar da ta gaskata ita ce, ita mutum ce mai juya wa masoyanta baya a daidai lokacin da suke bukatarta. To, ɗabi'ar fa? Wayarta ba ta taɓa zama a kashe, ko a aji. Kira ɗaya take ɗagawa, ko da lambar da ba ta sani ba ce. Idan wayar ta ce wuri ya cika, hotunanta take gogewa ɗaya bayan ɗaya, ba ta kusantar wannan saƙon. Fuskar wayar ta tsage tun bara, an yi an yi ta canza, ta ƙi.

Kin ga ban ce "tana cikin baƙin ciki" ba ko sau ɗaya. Mai karatu zai gan ta tana zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara, ya fara tambayar kansa ko lafiya, tun kafin ki gaya masa dalili. Kada ki gaya masa da wuri. Ki bar shi ya kai babi na shida ko na bakwai yana ɗauke da tambayar.

Mataki na 3: Ki zaɓo wanda zai fama mikin ba da niyya ba

Kyawun fuska da tsawo ba sa riƙe littafi mai shafi 300. Abin da ke riƙe shi shi ne mai karatu ya gane dalilin da ya sa wannan saurayin ne, ba wani ba. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ki sa ɗabi'ar da yake kāre kansa da ita ta yi karo da tata kai tsaye.

Saurayin namu iyayensa sun rabu yana ɗan shekara goma sha biyu, tun daga nan suka mai da shi ɗan aike. Uwa ta kira ta ce ya gaya wa uba kaza, uba ya kira ya ce ya mayar mata da kaza. Ya tashi da jin cewa duk ƙarar waya rigima ce ke nemansa, don haka tasa kullum a kife take, ba ya ɗagawa, sai dai daga baya ya turo saƙo da barkwanci. Yanzu ki haɗa su: ita ba ta iya barin kira ya wuce, shi ba ya iya ɗagawa. Ba ki bukatar muguwar kishiya ko azzalumin da zai shiga tsakaninsu. Abin da zai raba su yana cikin aljihunsu tun shafin farko.

Ki kuma ba su abin da suke samu a wajen juna wanda ba sa samu a ko'ina. Wataƙila shi ne mutum na farko da ya lura da tsagaggiyar wayar bai ce ta canza ba. Wataƙila ita ce ta farko da ta saurare shi ba tare da ta ba shi saƙon kai wa wani ba.

Mataki na 4: Ki zaɓi muryar da za ta ba da labarin

Yawancin littattafan wannan fage da bakin jaruma ake ba da su, wato "na ce, na ji, na gani", domin hakan na kusantar da mai karatu ga bugun zuciyarta. A labaran sabbin manya an fi yawan raba babi-babi tsakanin mace da namiji, kowa ya faɗi nasa. Idan haka za ki yi, ki gwada kanki: ki rufe sunan da ke saman babin, ki ba wani ya karanta sakin layi biyu. In bai gane wane ne ke magana ba, murya ɗaya kika rubuta sau biyu, sai ki koma. Ki ba kowa abin da idonsa ke fara kai wa idan ya shiga ɗaki, da tsawon jimlarsa, da kalmar da ba zai taɓa furtawa ba.

Mataki na 5: Ki shata hanyar labarin

Littafin matasa yakan tsaya tsakanin kalma 50,000 da 80,000, na sabbin manya kan ɗan haura. Idan kika nufi 70,000, babi talatin ke nan masu kalma kusan 2,300 kowanne. Mai rubuta kalma 500 a rana za ta kammala daftarin farko cikin kwana 140.

Ga yadda nake raba tafiyar, kuma ba doka ba ce, ma'auni ne na gane ko kin yi nawa. Cikin kashi goma na farko su haɗu, mu kuma ga rayuwar kowannensu kafin haɗuwar. Daga nan ki nemo dalilin da zai tilasta musu ganin juna ko ba sa so: aikin makaranta da aka haɗa su, ko wurin aiki ɗaya, ko maƙwabtaka. Zuwa tsakiyar littafi wani ya buɗe wa ɗan'uwansa abin da bai taɓa buɗe wa kowa ba. A misalinmu, nan ne za ta nuna masa saƙon da ba ta saurara ba. Bayan wannan ki bar su su ji daɗi, kuma ki ba jin daɗin nan babi uku ko huɗu cikakku. Marubuta da yawa suna gaggawar tsallake shi don su isa wajen kuka, alhali gwargwadon daɗin da mai karatu ya sha tare da su, gwargwadon zafin da zai ji idan aka ƙwace.

Wajen kashi uku cikin huɗu na littafin sai komai ya wargaje. Ki kiyayi rabuwar da magana ɗaya za ta iya warwarewa, irin ta "na gan ka da wata" alhali ƙanwarsa ce. Masu karatu sun gaji da ita, kuma suna da gaskiya. Rabuwar ta fito daga mikin nan biyu. Daren da mahaifiyarta ta faɗi aka kai ta asibiti, ta kira shi sau biyu, wayarsa na kife a kan tebur, yana jin wayar tana ƙara bai ɗaga ba, domin duk yinin ranar iyayensa sun yi ta jifan juna ta bakinsa. Babu mugu a cikinsu. Mai karatu ya san dalilinsa, ya san nata, ba shi da wanda zai ɗora wa laifi, kuma wannan rashin wanda za a zarga ne ke matse ƙirji.

Mataki na 6: Ki rubuta fitowar da za ta sa kuka

Doka ta farko: tun da wuri ake shuka ta. Duk abin da zai karya zuciya a babi na 27 dole ya riga ya gifta sau biyu ko uku a matsayin abin da ba shi da muhimmanci. A labarinmu, ki nuna tun babi na biyu cewa kullum tana manta lema, ruwa ya yi mata duka ta dawo a jiƙe. A wani babin ta ambata, kamar da wasa, cewa babanta ya sha yi mata faɗa kan haka. Sai ki yi shiru.

Doka ta biyu: idan lokacin ya zo, ki rage murya. Gajerun jimloli, kalmomin yau da kullum, ido a kan abin da hannu ke yi. Ga yadda zan iya rubuta ta:

Na zauna a ƙasa na jingina da gado. Sau uku ina kai yatsa ina janyewa. A na huɗu na danna. Aka ɗan yi shiru, sai ƙarar motoci, sai tarinsa.

"Ni ne. Na ga hadari ya haɗo, kin kuma fita ba lema. Shi ke nan, sai kin dawo."

Na duba wayar. Daƙiƙa goma sha ɗaya. Na sake dannawa.

Wata goma sha huɗu tana tsoron jin fushi ko zargi, ashe uba ne kawai yake tunanin kada ruwa ya taɓa 'yarsa. Da na sa shi ya yi dogon jawabin yafiya da bankwana, da na ɓata komai, domin mutumin bai san ranar ce ta ƙarshe ba.

Doka ta uku: ki yi rowar hawayen jaruma. Idan ta yi kuka a kowane babi, mai karatu ya huta, an yi masa aikin. Idan kuwa ya ga tana haɗiye abin, tana ninke kayan da ta riga ta ninke, tana cewa "ba komai" da muryar da ta shaƙe, shi ne zai yi kukan a madadinta. Ki bi daftarinki ki ƙirga sau nawa kika rubuta "hawaye suka zubo mata" da "zuciyarta ta buga", ki bar biyu ko uku a duk littafin.

Hira ma haka. Matasa, kamar kowa, ba kasafai suke faɗin abin da ke ransu kai tsaye ba. Wanda ke son cewa "kada ki tafi" sai ya ce, "Wa zai riƙa cinye min rabin burodi idan kin tafi?" Ki bar ainihin maganar a ƙarƙashin wadda aka furta.

Mataki na 7: Ki yi hattara da abubuwa masu nauyi

Labaran nan kan taɓo mutuwa, ciwon damuwa, cin zarafi, shaye-shaye, har da tunanin kashe kai. Wasu daga cikin masu karanta ki suna cikin halin a daidai lokacin da suke riƙe da littafin. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga masu shirya fim da wasan kwaikwayo kan yadda za su nuna kashe kai, kuma shawarwarinta sun dace da marubuciya: kada a bayyana hanyar da aka bi dalla-dalla, kada a nuna shi a matsayin mafita, a kuma nuna mutanen da suka nemi taimako suka samu. Ki sa gajeren gargaɗi a farkon littafi game da batutuwan da ke ciki.

Abu biyu nake roƙonki da su. Kada ki mai da soyayya magani. Saurayi zai iya zama a gefenta, ya raka ta wajen likita, amma warkewa aikinta ne, da taimakon waɗanda suka san aikin. Kuma kada ki yi wa mallaka ado ki kira ta so. Saurayin da ke binciken wayar budurwa, yana hana ta ƙawaye, yana tsorata ta da fushinsa, idan kika zana shi a matsayin gwarzo, akwai 'yar shekara 15 da za ta ɗauka haka so yake.

Mataki na 8: Ki cika alƙawarin ƙarshe

Ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta taƙaita sharuɗɗan wannan fage zuwa biyu: soyayyar ce ginshiƙin labari, kuma ƙarshensa ya gamsar, ya bar mai karatu da fata. Idan kika kashe ɗaya daga cikinsu a shafin ƙarshe, kina iya samun littafi mai kyau, amma kada ki tallata shi da sunan labarin soyayya, don masu karatu za su ji an yaudare su. Ga 'yan shekara 17 ba sai an kai ga aure ba, ya isa a bar su tare, suna fuskantar gobe.

Sulhun kuwa sai an biya kuɗinsa da canji. Ba furanni ko dogon ban haƙuri za su gyara abin da saurayin namu ya yi ba. Abin da zai gyara shi ne ya zaunar da iyayensa ya ce ya daina kai saƙo, sannan ranar da ta kira, ya ɗaga a ƙara ta farko. Ita kuma mu gan ta, ko sau ɗaya, ta kashe wayarta ta yi barci.

Mataki na 9: Gyara da fitarwa

Idan kin gama daftari ki ajiye shi sati uku ko huɗu kafin ki sake buɗewa. Zagayen farko na gini ne: kowane babi ki tambaye shi me ya canza tsakanin mutanen nan biyu, wanda bai canza komai ba ki cire shi ko da kina son sa. Zagaye na biyu ki karanta hirarraki da ƙarfi, kunnenki zai kama inda matashi ke magana kamar malamin jami'a. Ki rage kalmomin yayi, domin kafin littafin ya fito sun tsufa. Baitin waƙar wani mawaƙi kuma ba a sa shi a littafi sai da izinin mai haƙƙinsa.

Wajen fitarwa, Wattpad, da aka kafa a Kanada a 2006, yana ba ki damar sakin babi-babi kina jin ra'ayin masu karatu nan take. Dandalin KDP na Amazon, da ya fara a 2007, yana ba ki damar sayar da littafin da kanki. Manyan kamfanonin ɗab'i kuwa galibi sai ta hannun wakilin marubuta ake isa gare su, da wasiƙar gabatarwa mai shafi ɗaya. Tun wajen 2020 masu karatu a TikTok suka zama babbar hanyar da irin waɗannan littattafai ke yaɗuwa, sau da yawa ta bidiyon wadda ta gama karatu tana share ido.

Amma kafin duk wannan, ki ba mutum uku zuwa biyar su karanta, a cikinsu a samu aƙalla ɗaya da ke cikin shekarun jarumanki. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi don kada ki ji ba daɗi. Ki tambaye su a wane shafi suka ajiye littafin suka tafi wani aiki, da wane wuri suka ji wani abu ya tokare musu maƙogwaro. Idan suka isa saƙon murya ba su ji komai ba, kada ki taɓa wannan fitowar tukuna. Ki koma babi na biyu ki duba ko kin nuna yarinyar ta shigo gida a jiƙe, ba lema.